Murhu a Ƙarƙashin Turare

Ni malamin daji ne. Idan na faɗi haka a inda ba a san ni ba, sai a ɗauka da kuraye nake kwana. Gaskiyar magana dajin nawa shuka shi aka yi, layi-layi kamar 'yan firamare a filin taro, kuma babbar dabbar da na taɓa kora a cikinsa jakin wani mai satar itace ne. Jakin ma bai gudu ba. Kallona ya yi.

Gandun yana gefen Tsiga, a kan wata jigawa da ko gero sai ya ga dama yake yi a kanta. Ƙasarmu ta nan mai nauyi ce, ta masara da auduga da waken suya, amma Allah ya ajiye wannan tudun yashi a tsakiya kamar an manta da shi. A kansa kakannina suka zaɓi kafa gida, abin da zai nuna maka irin dabarar da na gada. Sunan ƙauyen Gidan Tambai, 'yan gidaje ne da rijiya ɗaya. Ina goye a baya hukuma ta ce za ta dasa itatuwa don kada iska ta kwashe ƙasar. Aka tashe mu zuwa bakin titi, katafila ta baje ɗakuna da rumbuna, aka jera itatuwan turare. Da na girma kuma aka ba ni kaki da hula, aka ce in hana kowa shiga. Wato ni ne mai gadin da aka ɗauka don ya hana uwarsa zuwa gidanta. Ba ta taɓa nema ba, ni ma ban taɓa yi mata tayi ba.

Dajin turare ba kamar sauran dazuzzuka ba ne. Tsuntsaye ba su cika son sa ba. Ciyawa ba ta fitowa a ƙarƙashinsa sai ɗai-ɗai. Ɓawonsa yana saɓulewa ya rataya kamar tsohuwar riga, idan iska ta taɓa shi sai ka ji ƙas-ƙas a bayanka, ka waiwaya babu kowa. Duk inda ka tsaya kuma, layukan suna buɗe maka doguwar hanya zuwa inda babu komai. Na yi shekaru ina yawo a ciki ban ga abin tsoro ba. Abin da dai ban taɓa iyawa ba shi ne cin abinci a can tsakiya. Da na kwance ƙullin rogona sai in ji kamar na zauna a tsakar gidan mutane ban ce musu bismillah ba. Sai in ɗaure, in fito bakin hanya in ci tare da ƙudaje.

Bara, bayan an kawar da amfanin gona, aka turo mana baƙi daga wata jami'a. Dakta Zaituna ce, mace mai ƙaramin jiki da takalmi irin na sojoji, da mai taimaka mata, Malam Awaisu, wanda ya girme ni kuma ya fi ni sanin darajar inuwa. Aikinsu auna ƙasa. Aikina in nuna hanya, in kuma murɗa ƙarfen haƙa, domin Malam Awaisu ya sanar da mu tun ranar farko cewa ciwon baya a gidansu gado ne.

Na ce, "Dakta, me ake nema a yashi? Idan zinariya ce ki gaya mini tun yanzu in ajiye kaki."

Ta ce, "Kabon muke nema, Malam Aƙilu. Itace yana zuƙo shi daga iska ya gina jikinsa da shi. Ganye ya faɗi, saiwa ta mutu, su ruɓe, wani abu ya rage a ƙasa. Shi ne yake sa ƙasa ta yi duhu ta kuma riƙe ruwa. Muna so mu ga nawa turaren nan suka ajiye wa jigawar tun da aka dasa su."

"Idan sun ajiye da yawa fa?"

"Sai a ce a dasa a wasu wuraren."

"Idan ba su ajiye ba?"

"Sai a ce a ƙara bincike."

Nan na gane ita ma albashin gwamnati take ci.

Ƙarfen kamar bututu yake, mai hannu biyu. A kafa bakinsa a ƙasa a yi ta murɗawa har ya nutse kusan tsawon hannu da rabi, a zaro shi da ƙasa a cikinsa. Dakta ta raba ta a leda uku, ta sama da ta tsakiya da ta can ƙasa, ta yi rubutu a jiki. Malam Awaisu ya kafa tsinke da farin tsumma a bakin ramin, wannan ne aikin da bayansa ya yarda da shi. Da yamma a kai ledojin ɗakin ajiyarmu da ke bakin gandu, a buɗe bakinsu su sha iska kafin a wuce da su.

Ramukan farko duk iri ɗaya ne. A sama ƙasa mai ɗan duhu, kaurin yatsu biyu ko uku, mai ƙanshin ganye. Daga nan har ƙasa yashi fari tas, kamar na masu gini. Dakta ta ce ba ta yi mamaki ba. Laka tana kama abin da ya ruɓe ta riƙe, shi kuwa yashi kwando ne. Ga gara tana cin rabonta, ga gobarar rani, ga mata masu share busasshen ganye su kai murhu. Da ta faɗi na ƙarshen sai ta dube ni. Na dubi sama. Matata tana cikinsu.

Na ɗebo duhun nan a tafina na ce, "Ashe wannan nake gadi."

Ta ce, "Kada ka raina shi. Kafin itatuwan ko wannan babu."

Da muka shiga tsakiyar gandun sai abu ya canza. Ina murɗawa na ji ƙarfen ya yi laushi, sannan ya yi ƙaras. Na zaro. Baƙi ƙirin, ba a sama ba, daga can ciki. Dakta ta zube shi a kan buhu ta baza da yatsa. Toka ce da gutsattsarin gawayi, da wata 'yar katangar tukunya mai baki ja.

Ta ce, "Wannan ba aikin itace ba ne. Wuta ce. Murhu ne, ko jujin gida."

"Ai kin samu kabon ɗin naki ke nan, har da ƙari."

"Na samu na wasu. Gawayi ba ya ruɓewa, sai ya shekara ɗaruruwa yana nan. Idan na sa wannan a lissafi zan yaba wa turare da aikin da wata mata ta yi da cokalinta." Ta kakkaɓe hannu. "Awaisu, jan tsumma. Malam Aƙilu, matsa gefe kaɗan, ko ta ina, mu sake."

Haka muka riƙa yi. Idan baƙi ya fito a kafa jan tsumma, in matsa gefe, in sake haƙa, idan fari ya fito a kafa farin tsumma a ƙulle leda. Ni nake zaɓen gefen, kuma ba wani ilmi nake bi ba, inda inuwa ta fi nake nufa. Cikin 'yan kwanaki jajayen tsummoki suka yawaita a wurin. Na san a kan kufanmu muke, ba yaro ba ne ni. Amma sanin nan irin na wanda ya san yana da hanta ne.

Baƙar ƙasar da Dakta take zubarwa ta ba ni sha'awa. Na tara a buhu na ɗaura a babur na kai wa matata Mansura, domin tana da barkono da yakuwa a tsofaffin bahuna, waɗanda suke rayuwa irin ta ɗan fansho. Na sauke buhun a tsakar gida kusa da tabarmar Inna.

Inna Hajo, mahaifiyata, yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take rabewa. Amma hannunta yana gani fiye da idona. Tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Aƙilu, me ka kwaso mana kuma?"

"Taki ne, Inna, na kyauta."

Ta miƙa hannu ta cusa cikin buhun. Ta murza. Ta kai hanci. Sai yatsunta suka gamu da wata katanga, ta zaro ta, ta yi ta shafa bakinta da babban yatsa, tana komawa tana dawowa.

"Daga ina?"

"Daga gandu."

"Wane gefe?"

"Can tsakiya. Kusa da inda ƙasa ta lotsa kamar akushi."

Ta ce, "Rijiya." Ba tambaya ba ce.

Ba ta ƙara ɓare gyaɗa ko ɗaya ba. An kai mata tuwo ta ce ta ƙoshi. Washegari kunu kawai ta kurɓa. Na tambaye ta ko jikin ne, ta ce lafiyarta lau, in tafi aikina. Katangar tana hannunta.

Kwana biyu bayan haka na dawo da la'asar ina wanke ƙafa, Mansura ta zo ta tsuguna nesa da ni kaɗan, irin tsugunon da take yi idan ta zo da labarin da ba nata ba.

Ta ce, "Baban Amina, kai ne ɗan farin Inna?"

"Sai dai in an sake zaɓe ban sani ba."

"To ka taɓa ganin uwar da take kiran sunan ɗan farinta gatsau, a gaban mutane, har ta aike shi sayen maggi?"

A nan sai in tsaya in ba da kaina. Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban jama'a, ba ta nuna ta damu da shi, idan za ta yi maganarsa sai ta ce wancan, ko yaron nan. Ni kuwa tun ina tatata Inna take ƙwala mini Aƙilu har maƙwabta su ji. Na ɗauka wayewa ce. Daga baya na ɗauka ƙaunata ce ta yi mata yawa har ta rinjayi al'ada. Na kusa shekara hamsin ina ɗauke da wannan taƙamar a aljihu. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba, mutanen Gidan Tambai sun watse, wasu Danja wasu Funtua wasu lahira, kuma ba wanda yake tare yaro a hanya ya ba shi labarin jaririn da ya mutu.

Mansura ta ce Inna ta gaya mata akwai wani kafin ni. Namiji. Ya kai fara dafa bango yana miƙewa, sai ciwo ya ɗauke shi cikin damina. A cikin gida aka binne shi, kamar yadda ake yi wa ƙanana a lokacin, tsakanin ɗakin Inna da danga. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ga idon uwar miji, ga na maƙwabta, kuma wa ya taɓa ganin an yi wa ɗan fari kuka a fili. Ba ta taɓa tsayawa a kan wurin ba. Abin da ta yi shi ne ta juya kujerar girkinta, ta ba wurin baya, ta ci gaba da dafa tuwo. Ranar tashi gida cike yake da mutane ana ɗaure kaya, ba ta waiwaya ba. Ta ce a ranta za ta dawo idan babu kowa. Sai katafila ta riga ta.

"Yanzu me take so?"

"A kai ta. Ta ce ba don ta gani ba, ina idon ma. Don kai ka san wurin, ka yi masa addu'a. Ta ce duk waɗanda suka san yana nan sun ƙare, saura ita. Idan ta tafi shi ke nan, ya zama yashi."

Na daɗe ina zuba wa ƙafa ɗaya ruwa. Sannan na ce, "Sunansa fa?"

"Ka san ba za ta faɗa ba. Ta ce sunansa irin na mai raken ƙofar masallacin Juma'a."

"Masu rake biyu ne a wurin."

"Na gaya mata. Ta ce mai gemun."

Mahadi. Na sha sayen rake a wurinsa, har ina yi masa ciniki.

Na wuce ta gaban Inna zan shiga ɗaki. Ta ce, "Aƙilu, an kira la'asar?" Na ce an kira. Iyakar abin da muka ce wa juna ke nan a kan maganar.

Da safe na sami Dakta na kwashe labarin na gaya mata, ina kallon tayar mota. Na zaci za ta ce wannan ba ya cikin aikin da aka turo ta. Sai ta ce, "Ni ma 'yar fari ce. Har yau mahaifiyata 'ke' take ce mini." Ta ce a ɗauko Inna a motarsu, jajayen tsummokin suna nan ba a cire ba.

Muka shiga da hantsi. Mota ta tsaya inda hanya ta ƙare, Malam Awaisu ya ce zai tsare ta kada a sace, a dajin da ni ne mai gadinsa. Mansura ta riƙe hannun Inna, ni da Dakta muna biye. Babu iska ranar. Busasshen ganye yana ƙara a ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma ban taɓa lura ba sai ranar cewa sawun mutum huɗu a cikin turare yana yin kamar na mutum goma.

Na kai su inda ƙasa ta lotsa. Inna ta taka gefen da ƙafa, ta zagaya kaɗan, ta tsaya. Ta ɗaga fuska tana neman inda rana take, ta juya har zafin ya sauka a kuncinta yadda take so.

Ta ce, "Idan ka ba rijiya baya, gidan Manu ne a hannun dama. Mai shanu."

Dakta ta ce a hankali, "Akwai wani fili a nan da ƙasar ta yi duhu da faɗi, babu gawayi. Na ce ko turke ne."

"Sai gidan Tsohuwa mai daddawa. Ita wutarta ba ta mutuwa."

Na duba. Jajayen tsummoki sun taru a wurin kamar an baza barkono. Ni na haƙa kowane ɗaya daga cikinsu, amma sai yanzu na ga abin da na haƙa. Ga gida can, ga wani nan, ga ratar da ke tsakaninsu inda babu ja ko ɗaya, wato hanya. Turaren suna tsaye a layinsu ba ruwansu, amma ƙauyen yana kwance a ƙarƙashinsu a karkace, a kan nasa tsarin, bai san an tashe shi ba.

"Sai namu," in ji Inna.

Ta saki hannun Mansura. Ta yi gaba ita kaɗai, ba ta bi layin itatuwa ba, ta yanke shi a karkace. Tsakanin wasu turare biyu ta rage tsawo kamar mai shiga ƙofar zaure, ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Na ga Mansura ta buɗe baki za ta amsa, ta fasa. Inna ta yi 'yan taku, ta karya hagu, ta kauce wa wani abu da babu shi, ina jin rumbu ne. Fili ne fetal, ana iya miƙewa kai tsaye. Amma na ga Mansura ta kauce a inda ta kauce. Dakta mai takalmin sojoji ita ma ta kauce. Ni ma da na zo wurin ban iya ratsawa ba.

Jan tsumma biyu ne a gidanmu. Na kama hannunta na kai ta na farko. Ta durƙusa, ta dafa ƙasa, ta miƙe da sauri fiye da yadda na san tana iyawa.

"Wannan na uwar mijina ne. Ban taɓa zama a nan ba sai a kan gwiwa."

Na kai ta na biyu. Ta tsuguna. Ta gyara, ta ɗan matsa baya, ta juya kaɗan, ta sake juyawa, kamar kaza mai neman kwanciya a kan ƙwai. Hannunta na dama ya miƙa gefe ya lalubi iska a inda itacen girki zai kasance. Sai ta zauna daɓas, ta miƙe ƙafa ɗaya. Fuskarta ta koma wata iri. Ba ta tsohuwa ba, ba ta yarinya ba, fuskar mai jiran ruwa ya tafasa.

Ta ce, "Nan ne."



Sai ta ƙara da cewa, "Yana bayana. Kamar tsawon tabarma da ɗan ƙari. Kada ka tambaye ni, duba kawai."

Na duba. Akwai inuwa mai kyau a wurin, wani turare ya karkato da reshensa. A tsakiyar inuwar tsinke ne a kafe, da farin tsumma.

Na tuna ranar. Baƙi ya fito, Dakta ta ce in matsa, rana ta dake ni, na hangi inuwa na nufe ta. Na kafa ƙarfen na murɗa, ya shiga sumul babu gardama har ƙarshe. Ɗan duhu a sama, fari tas a ƙasa. Dakta ta ce wannan mai kyau ne. Ni kuwa har na yi wa Malam Awaisu ba'a ina murɗawa.

Na waiwayi Dakta. Ta rufe bakinta da mayafi. Ta je ta sunkuya ta karanta abin da ke rubuce a jikin tsinken, ta miƙe, ta kama hanyar mota da sauri. Can muka ji an tayar da inji.

Inna ta ce, "Baƙuwar ta tafi?"

Mansura ta ce, "Ta yi mantuwa ne, Inna. Yanzu za ta dawo."

Muka zauna. Ban san tsawon lokacin ba. Na je na tsuguna a bakin ramin. Bai fi bakin taɓarya faɗi ba, gefensa ya ɗan rufta, wata tururuwa tana shiga tana fita. Na yi ƙoƙarin in fara addu'ar da aka kawo ni dominta, sai na ga hannuwan da zan ɗaga su ne suka murɗa ƙarfen, na mayar da su kan gwiwa. Ɓawon itace ya yi ƙas-ƙas a sama, ko da yake babu iska. Inna tana zaune yadda take, bayanta a miƙe yana fuskantata. Na girma ina ganin wannan bayan a bakin murhu, a gidan bakin titi. Ban taɓa tunanin wani take ba shi ba.

Dakta ta dawo rungume da leda uku. Ta tsuguna kusa da ni ta ajiye su, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Ba a taɓa su ba. Na duba da hannuna, babu komai a ciki sai yashi. Ko ƙashi babu. Jikin ƙaramin yaro a irin wannan ƙasar ba ya daɗewa, Malam Aƙilu. Gawayi take riƙewa, ba mutum ba." Ta turo ledojin gabana. "Ban sani ba ko wannan ta'aziyya ce. Ka yafe mini."

Na ce, "Ni na zaɓi inuwar."

Na cire tsinken. Na ɗauki ledar can ƙasa, domin ita ya kamata ta fara komawa, na karkata bakinta. Yashi busasshe yana da sauti idan yana zuba a rami, siririn sauti kamar ana tankaɗe a ɗaki na uku. Na so a ce ganye ya yi ƙara ya rufe shi. Dajin ya yi tsit.

Inna ta ce, ba ta juyo ba, "Me kake zubawa?"

Mansura ta dube ni tana girgiza kai. Ina da ƙarya a shirye, malamin daji ba ya rasa ta. Amma ban taɓa yi wa bayan mutum ƙarya ba, ban san ta inda ake farawa ba.

"Ƙasa nake mayarwa, Inna."

"An ɗiba ne?"

"An ɗiba."

"Daga nan ɗin?"

"Daga nan ɗin. Ba a sani ba."

"Wa ya ɗiba?"

"Ni ne."

Na jira. Na ga kafaɗunta sun ɗaga sun sauka. Dakta ta sunkuyar da kai har mayafinta ya taɓa ƙasa.

Inna ta ce, "To. Ka taɓa shi ke nan."

Sai hannunta na dama ya zagayo ta bayanta, a hankali, ya tsaya a kan ƙugunta, tafin a buɗe yana kallon sama. Fuskarta tana gaba, wajen murhun. Na rarrafa da ledar na zuba mata har tafin ya cika, ta dunƙule.

Ledojin sun sha rana a bayan mota, a kan ƙarfe, tun daga ɗakin ajiya. Na san wannan. Dakta ma ta sani.

Inna ta ce, "Har yanzu da zafi." Muryarta ba ta yi rawa ba. "Haka na miƙa musu shi. Ko sanyi bai gama yi ba suka karɓa, wai hadari ya taso."



Ta ce, "Ku dakata. Bari zafin ya sauka."

Muka dakata. Mansura tana share ido da bakin zane. Inuwar ta matsa daga kan ramin ta hau ƙafata. Wani ɗan yashi yana tsiyaya ta tsakanin yatsun Inna, ta ƙara matsewa. Tana ɗan jijjiga, gaba da baya, kaɗan ƙwarai, in ba ka kula ba sai ka ce tsufa ne. Rana ta take tsaka, ba wanda ya ce a tashi.

Can ta tsaya da jijjigar. Ta murza abin da ke hannunta sau ɗaya.

"Ya sauka," ta ce. "Karɓi, kwantar da shi. A hankali, Aƙilu, kai ba ka iya komai a hankali ba."

Na tara hannu biyu a ƙarƙashin nata, ta saki. Na kai ramin na zuba, na bi da sauran ledar, da ta tsakiya, sannan ɗan duhun nan na turare a sama. Bai cika ba, ya rage kaɗan, na jawo ganye na rufe. Na ɗaga hannu na fara addu'a, da na zo kan sunan na faɗe shi a fili.

Inna ba ta juyo ba. Amma ta ce amin.